Injin Ruwan Zafin Zuliha

"Aron kwana ɗaya ne fa, Zuliha, ba gadonsa zan ci ba!" na ce wa maƙwabciyata. Tunda ɗanta ya kawo mata injin nan daga Kano, wanda ana dannawa ruwan zafi ke zubowa, ta daina gaishe mu, mu masu hura kara a ƙarƙashin buta saboda tsadar gawayi.

Ta turo min shi tana tsaki. "Yana ɗiga, Inna Hure. Ki tara kwano. Kin san ruwan zafi ba ya taɓa ƙasa da dare babu bisimilla."

Ni za ta koya wa? Ban tara ba.

Can tsakar dare aka kawo wuta, sai na ji sallama, na buɗe ƙofa. Wata doguwar mace ce a bakin ƙofata da goyo. Bayan yaron yana tururi, amma ba ya kuka. Ga farin wata tar, ita kuwa babu inuwa.

"Injin wa ya ƙona min ɗa?"

Bakina har rawa yake don daɗi. "Na Zuliha ne! Ga gidanta can."

Sai muka ji injin a bayana: ɗis, ɗis.

Matar ta rufe ƙofata da ƙarfi. Amma daga ciki.