Rubutu a Kan Fuskar Hassana

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya Husaina ta baro Birnin Tudu, wajen mahaifiyarta, za ta koma Talata Mafara inda take koyarwa a makarantar firamare. Inna ta yi ta yi da ita ta kwana, ta ce gobe akwai aiki. Aikin kam akwai shi, amma gaskiyar magana ɗakin ne ba ta iya kwana a cikinsa. A nan suka tashi ita da Hassana, abokiyar tagwaicinta, wadda zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shekara biyu da suka wuce.

Mai babur ya sauke ta a bakin titi, kusa da magudanar ruwan da ta ratsa gonakin shinkafa da albasa, ya juya ko sallamar kirki bai tsaya yi ba. Yanzu ba mai son rana ta faɗi yana kan hanya. Ta zauna a kan dakalin siminti na bakin ruwan tana jiran mota, ta ciro waya, ta buɗe hoton da take buɗewa kullum.

Hassana ba ta son hoto. Da ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ka ce bashi ka zo karɓa. Duk rayuwarta hoto ɗaya tak aka samu na kirki, wanda Husaina ta shammace ta ta ɗauka ranar wata sallah tana cikin dariya. Bayan rasuwar, Husaina ta sa shi a shafinta na sada zumunta, ta roƙa mata addu'a. Ba a yi wata shida ba Malama Nusaiba, abokiyar aikinta, ta nuna mata wani shafi. Ga Hassana nan da wani suna daban, maza na ta zuba mata kirari, mai shafin yana ba su amsa kamar ita ce. Ranar Husaina ta yi kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba.

Da ƙyar aka rufe shafin. Nusaiba ce ta koya mata manhajar da ke buga rubutu dishi-dishi a kan hoto, yadda ɓarawo ba zai more shi ba.

"Kar ki sa shi gefe, yankewa za su yi," in ji ta. "Tsakiyar fuska za ki ratsa da shi."

Haka ta yi. Daga kuncin dama zuwa goshi ta rubuta: Marigayiya Hassana, Allah ya jiƙan ta. Hoton mai rubutun ta mayar shafinta a madadin na farko. Na asali, mara tabo, ta bar shi a wayarta, ba ta tura wa kowa ba, ba ta ajiye shi a ko'ina ba. Wannan nata ne ita kaɗai.

Mai rubutun take kallo a bakin ruwan nan lokacin da aka fara kiran sallar magariba a wani ƙauye can nesa. Injin ban ruwa da ke ta ƙara a cikin gonaki ya mutu. Sai kwaɗi suka karɓa, ga warin taɓo da na ganyen albasa. Mota ko ɗaya ba ta gifta ba.

Can sai kwaɗin ma suka yi tsit.

Ta ji motsin zane a bayanta, kamar wani ya zauna a ɗaya gefen dakalin. Ba ta ji takun kowa ba kafin nan. Mace ce, lulluɓe da baƙin mayafi, ta ba ta baya. Husaina ta yi mata sallama, ba ta amsa ba. Sai wani ƙamshi ya taso, humrar da Hassana ke haɗawa da hannunta, wadda ba a sayar da irinta a kasuwa.

"Husai."

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiran ta haka. Wayar ta kusa suɓuce mata.

"Husai, kin bar ni ni ɗai. Shekara biyu."

Ta san matacce ba ya dawowa. Malamar makaranta ce, ta yi Islamiyya, ta ga an ɗauki makara da idonta. Amma kewa ba ta san karatu ba. Shekara biyu ke nan tana cin abinci ita kaɗai a kwanon da ya ishi mutum biyu, tana fara magana ta waiwaya ba kowa. Ta ji ƙafafunta sun miƙe da kansu.

"Taho mu tai gida," in ji muryar a hankali. "Ga hanya nan ta bakin ruwa, ba nisa."

Matar ta juyo, ta sassauta mayafin.

Hassana ce. Idanun nan, wushiryar nan, dariyar nan ta ranar sallah. Sai dai dariyar ba ta motsi. Bakin na magana, kumatun na nan yadda suke a hoto.

Husaina ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu. Hasken wayar da ke hannunta ya haska fuskar.

Daga kuncin dama zuwa goshi akwai wani farin abu dishi-dishi a kan fatar. Ta ƙura ido. Haruffa ne, ta san su, ita ta zaɓi girmansu.

Marigayiya Hassana.

Ta tsaya cak. Abin nan ya leƙa wayarta ta bayan kafaɗa, ya kwashi abin da ya gani har da rubutun.

"Mi kika tsaya kallo?" Hannu ya ɗago ya shafa kuncin, ya murza, ya sake murzawa. Rubutun bai goge ba. "Wanga abu na ƙona ni, Husai. Akwai wani wajenki, mara rubutu. Nuna min shi."

A'uziyya ta ƙi fita daga bakinta.

"Sau ɗai kawai. In gani."

Yanzu muryar ba daga bakin take fitowa ba, daga ƙasan ruwan take. Husaina ta gane abin da ake nema. In abin nan ya samu fuskar tas, gobe zai tsaya a ƙofar gidan Inna ya yi sallama, kuma Inna za ta bi shi ba tare da ta ɗauki takalmi ba.

Ta kifa wayar a ƙirjinta, ta ja mayafinta ta rufe hasken. Ta nemo hoton na asali. Hassana na dariya, ba komai a fuskarta.

Sanyi ya taɓa wuyan hannunta, jiƙaƙƙe, mai warin taɓo.

Ta danna gogewa.

Ta tuna waya na ɓoye abin da aka goge na wasu kwanaki. Ta shiga can, ta sake danna gogewa. Yatsun sanyin sun fara jan mayafin.

Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata.

Ta ce, "Bismillahi," ta danna.

Wani abu ya faɗa ruwa, tsulum, ba ƙara. Dakalin ba kowa. Kwaɗi suka dawo da kukansu kamar ba a yi komai ba.

Wata a-kori-kura ɗauke da buhunan albasa ce ta tsince ta a tsakiyar titi, takalmi ɗaya a ƙafa. Direban, wani dattijo da ake kira Malami, ya zaunar da ita a gaban motar, suka kama hanya har suka hango fitilun Mafara.

"Ɗiyata, bakin ruwan can ba a zama da magariba," ya ce. "Ba a gaya miki ba?"

Sati guda ta yi kwance da zazzaɓi. Da ta tashi ta kai wayar wajen masu gyara har uku, kowa ya ce abin da aka goge sau biyu ya tafi. Saura mai rubutun, wanda harafi ya ratsa ta kan idon hagu. Ba ta gaya wa kowa abin da ya faru ba, kuma ba ta ƙara barin la'asar ta same ta a hanya ba.

Da azumi ya kusa, Inna ta ce a wanko mata hoton Hassana ta rataye a ɗaki, amma wanda ba rubutu, don ta gaji da ganin kalmar nan a goshin ɗiyarta. Husaina ta kwana biyu tana juya maganar. Da ma kamarsu ɗaya ita da Hassana. Rana ta uku ta ciro mayafin da Hassana ta yafa ranar sallar nan daga akwati, ta yafa, ta sa Nusaiba ta ɗauke ta hoto. Sai da aka yi ɗauka goma sha ɗaya kafin dariyar ta yi kama.

Ta kai wa Inna a cikin firam. Tsohuwar ta goge gilashin da bakin zane, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Sannan ta rataye shi a ƙusa, ta daidaita shi da kyau, ta juyo.

"Husaina, kin rame," ta ce. "Zauna in zubo miki tuwo."