Ranakun Jifa a Gidan Malam Bala

Ana kiran magariba a Toranke dutse ya faɗo tsakar gidan Malam Bala. Tun bara ake haka, yau jifa, sai a daɗe shiru. Amma a wannan yammacin Khaula, autar gidan, ta saki ƙwaryar hannunta, ta zauna daɓas tana kallon makwarara. Daga nan ba ta ƙara magana ba, abinci ma ta daina karɓa, kullum sai ramewa take.

Yayarta Afra'u ta karanci kwamfuta a Kano, kuma tsoro bai taɓa raba ta da taurin kai ba. Ta tuna duk ranar da aka yi jifa sai wani ya kai kuka zauren dangi na WhatsApp. Ta sauke hirar ta zama fayil, ta rubuta ɗan umarni da Python, wani harshen kwamfuta. A ciki ta ɗana regex, wato tarkon da ke kama rubutu ta siffarsa: lamba, sanda, lamba, sanda, shekara, a duk layin da aka ambaci jifa. Ranaku suka zubo. Sai ta ga kowacce jajiberin kasuwar Ajingi ce, kuma a irin makon da innarsu Hajo ta dafa gyaɗar sayarwa.

Aka ɗauko Malam Muhammad Bashir mai ruƙiyya daga Gaya. Ya saurari Afra'u, sannan ya juya ga Hajo.

"Ruwan dahuwar, ina ake zubarwa?"

"Makwarara, Malam. Da zafinsa, muna saurin salla."

"Da bisimilla?"

Hajo ta sunkuyar da kai.

Rana na faɗuwa ya fara karatu. Can Khaula ta miƙe wuya, wata dasasshiyar muryar mace ta fito daga bakinta.

"Ni ce Gaji. A makwararar nan muke tun ba a ja katanga ba. Yarinyar nan ta juye tukunya, ɗana na wasa a wurin. Zan tafi da ita, kowa ya rasa."

"Ba ta gan shi ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah, ki nemi wani abin."

Muryar ta daɗe tana huci.

"Naku ranakun kun tara su, saboda 'yan duwatsu. Ni tun da ya mutu lissafi ya ɓace min. Ku faɗa min ranar da kuka fara dafawar nan, ranar na rasa shi. Kuma kada a ƙara zubo mana wuta."

Afra'u ta goge kalmar jifa a umarnin, ta sa gyaɗa. Ta karanto ranar farko a bayyane. Saƙon da ke gefenta kuwa ta haɗiye shi, don Khaula ce ta rubuta, tana neman dangi su taya su murnar sabuwar sana'a.

Hawaye ya gangaro fuskar Khaula, kuma kowa ya san ba nata ba ne. Sai Hajo ta gyara mayafi, ta durƙusa kamar ta shiga gidan makoki.

"Baiwar Allah, ya haƙuri? Ki yafe mana."

"Haƙuri sai ma'aiki," muryar ta amsa a hankali.

Khaula ta yi atishawa, ta zube jikin yayarta. Da ta buɗe ido ta dubi uwarta a ƙasa.

"Yaya, wa ya rasu?"