An Sace Kwamfuta, Ba ta Daina Magana ba

Ranar Talata da tsakar rana aka kira Sufeto Nicanor Apaza zuwa ofishin kwamitin ban ruwa na Chaki Mayu. Ya bar miyar gyaɗarsa ko cokali uku bai kai ba, shi ya sa ya iso fuska a murtuke.

An sace kwamfuta. A kan tebur sai shatin ƙura inda allo da madannai suka shekara huɗu. Ƙofa kuwa lafiyarta ƙalau.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Sufeto. "Ya shiga, ya fita, ya kulle. Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu, yallaɓai," in ji sakatare, Don Celestino. "Nawa, da na shugabanmu Don Evaristo. Ni ina kasuwar Punata tun safe, tambayi kowa."

Sufeto ya ƙare wa ɗakin kallo. Benci biyu, kalanda, sai kanta a kusurwa inda waliyyin manoma San Isidro yake tsaye a kan farin ƙyalle, kyandir uku a gabansa, ɗaya na ci.

A bakin ƙofa wata tsohuwa na zaune da fartanya a cinya. Donya Primitiva ke nan, mai gonar albasa, mijinta ya rasu bara. Ranar Lahadi, mutane na coci, wani ya buɗe ƙofar ruwa ta sama ba a ranar rabonsa ba, ruwan ya bi kwatar da ta ratsa gonarta. Dokar kwamiti sananniya ce: ɓarawon ruwa ba shi da ɗigo har ƙarshen rani. Ita ake zargi, gobe za a zauna a yanke mata hukunci.

"Ni na ce a duba kwamfuta, ɗana," ta ce. "Ƙofar ruwan nan sai da kati take buɗuwa, kuma an ce kwamfuta tana rubuta katin kowa. Yanzu sun ce ni na sace ta. Ni da ko rediyo sai jikata ta kunna min!"

Tausayinta ya kama Sufeto, amma tausayi ba shaida ba ne.

Ya sami Don Evaristo a lambunsa, can ƙasan kwatar. Takalmin Sufeto ya nutse a caɓi har idon sawu.

"An yi ruwa a nan ne, Don?"

"Raɓa ce."

"Raɓar ku mai ƙarfi ce. Ina kake ranar Lahadi?"

"Coci, sahun gaba. Haba Sufeto, mace da baƙin cikin rashin miji, me ba za ta yi ba? A bar ta da Allah, a dai bi doka."

Sai wayar Don Evaristo ta yi ƙara. Ya duba, ya yi saurin cusa ta a aljihu, amma ta wani ma'aikacinsa da ke gefe ma ta yi ƙara. Sufeto ya karɓa ya karanta: "Gobe ƙarfe shida, rabon gonakin sama."

"Wa ke aiko wannan?"

"Kwamfutar ofis, yallaɓai. Kullum ƙarfe biyu," in ji ma'aikacin.

"Wadda aka sace?"

Sufeto ya cire hula ya sosa kai. Shekara ashirin yana kama ɓarayin shanu, bai taɓa jin saniyar da aka sace tana aiko da madara gida ba.

Ya tara su duka a ofis, ya buga wa Zoraida, injiniyar da ta haɗa musu kayan, tana can birnin Cochabamba. Ya ƙara muryar wayar ya ajiye a tebur.

"An sace kwamfutarku, 'yata."

"A'a, ba a sace ba. Ga ta tana amsa min."

"Ina tsaye a gaban tebur, babu allo, babu madannai!"

"Ai dama ba ta da su, Sufeto."

"To da me take gani?"

"Ba ta gani. Aiki take yi. Ta layin sadarwa nake shiga in yi mata magana daga nan. Ta kan teburin tsohuwa ce, leƙa jadawali kawai ake yi da ita. Nemi ƙaramin baƙin akwati a kan kanta."

"Babu akwati a kanta sai San Isidro."

"Ku yi shiru ku saurara."

Ɗakin ya yi tsit. Sai wani siririn kuka ya fito daga ƙafafun waliyyi, tit, tit, tit. Don Celestino ya zube a gwiwa yana alamar gicciye. Donya Primitiva ta saki fartanya. Shi kansa Sufeto, gaskiya, sai da ya ja baya taku biyu kafin ya tuna da kakinsa.

Ya sauke kyandirori, ya ɗaga waliyyi a hankali, ya yaye ƙyallen. Ga akwati, bai fi bulo girma ba, da ɗumi, waya biyu sun bi ta bayan kanta.

"Matata ce," in ji Don Celestino a kunyace. "Ta ce abu ba fuska ba baki, ai mataccen kaya ne, gara waliyyi ya samu wurin tsayuwa."

"Shi ya sa yake zafi shekara biyu!" in ji Zoraida. "To ga abin da kuke nema. Lahadi, ƙarfe goma da minti arba'in, ƙofar sama. Kati mai lamba ɗaya."

Don Celestino ya juya a hankali ya dubi shugaba, mai kati lamba ɗaya.

"Ƙarya ne!" Don Evaristo ya daka tsawa. "Ina za ta sani? Ai da hannuna na jefa ta a kogi, har da madannan!"

Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, amma magana zarar bunu ce. Ya zauna a benci, ya rufe fuska da hula.

"Itatuwan suna mutuwa, Sufeto. Ubana ne ya dasa su. Na ce albasa ai ana sake shukawa."

"Da me zan ci kafin a sake?" in ji Donya Primitiva. Ba ta ɗaga murya ba. "Kai ka ɗauki gawar mijina, Evaristo."

Sufeto ya sa masa ankwa. Har sun kai ƙofa ya waiwayo.

"Kyandir ɗin nan uku, na wa ne?"

"Nawa," in ji Don Evaristo da ƙyar. "Tun Lahadi nake roƙon waliyyi ya rufa min asiri."

"To a kan mai shaida kake kunnawa."

Da suka fita, Donya Primitiva ta ninke farin ƙyallen, ta sama wa San Isidro wuri a kan tebur. Ta tsaya gaban akwatin ta rasa ta ina ake kallonsa, don haka ta sunkuya kusa da wayoyin.

"Kai, ƙarfe nawa ka ce ruwana?"

"Shida, Mama," in ji Zoraida daga wayar da Sufeto ya manta a tebur.

Tsohuwa ta gyaɗa wa akwatin kai, ta saɓa fartanya, ta tafi gyara kwata.