Irin da Bai Jira Buki Ba

Da hantsin Laraba Alhaji Mukhtar ya shigo kwamisariyar 'yan sandan Dogon Dutsi, babbar rigarsa na sharar ƙasa. Shi ne shugaban Gidauniyar Hannu Da Yawa, wadda 'yan kasuwa da ma'aikata 'yan asalin Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, mazauna Yamai da Kotono suke zuba wa taimako. Ta gina rijiyoyi, ta rufe azuzuwa da kwano, bana kuma ta sayo irin hatsi mai saurin nuna domin zawarawa da marasa ƙarfi.

"An kwashe rabin irin daga mangaza," in ji shi. "Ga shi Asabar muke bukin rabo. Babban mai ba mu taimako na tahe daga Kotono da 'yan talabijin."

Insifekta Nafi'u ya dube shi. Ɗan manomi ne daga Matankari, ya san tun Lahadi aka yi ruwan shuka, kuma laimar ƙasa ba ta jiran kowa.

"Me ya hana a raba tun Litinin, Alhaji?"

"Wanda yab ba da dukiyatai ba shi da hakkin ganin hannun da yak karɓa?"

A mangaza, ɗakin ajiyar gidauniyar, kwaɗon ƙofa lafiya lau yake, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Sawun amalanke ya fita ta gabas. Mai gadin, wani dattijo mai suna Illo, yana tsugune ya cusa hannuwa cikin hammata.

"Barci yak kwashe ni, ranka ya daɗe. Ban ga komi ba."

"Nuna mini tafinka."

Illo ya miƙa su a hankali. Jawur suke.

"Lalle na," ya ce.

"Baba, aure za ka yi da furfurar nan, ba ka gayyace mu ba?"

Illo bai yi dariya ba. Nafi'u ya tura yatsa cikin wani buhun da ya rage, yatsan ya fito da ja iri ɗaya. Maganin ƙwari ne da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Ya tambayi masu riƙe mabuɗi. Mutum biyu ne: Alhaji, da Basira, malamar gona ta gidauniyar.

Ya same ta a biro, wato ofishin gidauniyar, matashiya ce mai sanyin murya wadda ta yi karatun noma a jami'a.

"Mabuɗina ya ɓata tun makon jiya," ta ce.

"Kin faɗa wa wani?"

"Na manta."

"A ganinki ina ɓarawo zai kai irin?"

"Kasuwa mana."

Ya bi rumfunan hatsi ɗaya bayan ɗaya. Ko tiya guda ta jan hatsi ba wanda ya gani. Sai dai a hanyarsa ta komowa ya lura gonakin gabas da gari, waɗanda jiya suke fayau, duk an sassare su an binne. Ya tona rami ɗaya da tsinke. Ƙwayoyin da ke ciki jajaye ne. Ɓarawon ba sayarwa ya yi ba, rabawa ya yi.

Yana tsaye a gonar wayarsa ta yi ƙara. Daga asibiti ne. An kawo wani tsoho, Mahamadu, ya cika a hanya. 'Yarsa Sahura, bazawara, tana kwance tana amai, likita na zargin guba.

Ya fara biyawa ta gidansu. Rumbu wayam, ko zangarniya babu. Turmi na jingine da danga, cikinsa ya rine ja-ja, haka ma ƙasar da aka zubar da ruwan wanki.

A asibiti, Sahura ta juya fuskarta bango da ta gan shi.

"Ina kika sami hatsin?"

"Tsintatai niy yi bisa hanya."

"Ba ki san akwai magani jikinsa ba?"

"Na wanke shi, na sake wankewa har ruwan yay yi fari. Baba ya kwana biyu bai sa komi baka ba."

"Me ya sa ba ki shuka ba?"

Ta juyo ta dube shi.

"Gonarmu na hannun jingina tun bara. In na ce ba ni da gona, sai a tsallake ni. Malama ta ce ba a ci, ta faɗi ta ƙara, amma..."

Ta kama bakinta. Nafi'u bai ƙara tambayarta komai ba.

Da la'asar ya tara su a biron gidauniyar, Alhaji da Illo da Basira. A waje ana kafa rumfunan buki.

"Illo zan tafi da shi," in ji Nafi'u. "Ba sata kawai ba ce yanzu. Tsoho Mahamadu ya mutu da furar irin nan a cikinsa."

Basira ta miƙe tsaye, kujerarta ta faɗi.

"Mahaifin Sahura?"

"Ashe kin san wanda aka bai wa."

Ta dafa tebur.

"Ku saki Baba Illo. Ni na buɗe, shi lodi kawai ya taya ni. Na roƙi Alhaji ran Litinin, na roƙe shi ran Talata. Na ce kafin Asabar ƙasa ta bushe, irin ya zama na ado. Ya ce hoto ne ke kawo taimakon baɗi. Wataƙila ma gaskiyarsa ce. Da asuba na bi gidajen matan na ba kowace rabonta." Ta dubi Nafi'u. "Na tambaye su ko sun san yadda ake shuka shi. Ban tambayi kowa ko tana da gona ba. Ban tambayi kowa ko ta ci abinci ba."

"Kin ci amanar mutanen da sunka yarda da mu," in ji Alhaji. "Wa za shi sake ba mu ko ƙwaya?"

Nafi'u ya so ya ce wani abu, ya rasa doka guda da ta hana mutum rufe iri a ɗaki har laima ta wuce. Doka ta san mabuɗi da gawa, kuma duka biyun Basira suka nuna.

"Mu je, Malama."

"Sahura za ta tashi?"

"Likita ya ce za ta tashi."

Suna bakin ƙofa Alhaji ya kira shi, ya rage murya.

"Insifekta, ka tambayam mini likita ko za a sallame ta kahin Asabar. Gidauniya za ta ba ta buhun shinkafa na ta'aziyya. Zai yi kyau ta karɓa da hannunta gaban baƙi."

Nafi'u ya juya masa baya. Ya buɗe wa Basira ƙofar mota, ta shiga ba tare da an taɓa ta ba.