Katakon da Gara Ta Rage

Ranar da aka turo ta ɗaukar hoton tsohon gidan Turawan mulkin mallaka da ake gyarawa, a baranda ta sami wani saurayi kafinta yana kankare fentin taga a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka.

"Malam kafinta, matsa mana, ka tare min hoto."

"Ai ni ne hoton," ya ce.

Ta harare shi. Amma da ta koma gida, hoton nasa ta fi dubawa.

Bayan wata huɗu ya turo magabatansa. Babanta na jin inda yake aiki ya miƙe tsaye.

"A gidan Turawan nan ubana ya yi kuku shekara talatin, ana kiransa yaro da furfurarsa. Da ya kwanta ciwo suka watso mana kaya waje. Mai raya gidan nan ba zai zama surukina ba."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, sannan ta tura masa saƙo: "Kafintana, don Allah ka bar aikin nan."

Ya amsa: "Hasken idona, in na tafi, rushe kicin ɗin baya za su yi. Yi haƙuri."

Wato katako ya fi ta! Ta toshe lambarsa. Wata biyu tana ramewa, abinci ma sai an yi faɗa.

Rannan sai ga shi da sallama, wani tsohon katako a kafaɗa. Ta laɓe bayan labule.

Ya durƙusa. "Baba, a jikin ƙofar kicin na ciro shi in kashe garar da ke cin sa. A ƙarƙashin fenti na ga wannan."

Tsagar wuƙa ce a jere, guda tara, daga gwiwa zuwa ƙirji. Baba ya shafa su.

"Duk shekara ubana yakan tsayar da ni ya auna tsayina. A ta taran nan aka kore mu." Ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshen. "Ko hotonsa ba ni da shi."

Ya dubi kafintan, ya ce, "Mayar da shi inda ka ciro. Ka dawo da manyanka."

Ranar aure ba wanda ya kai Baba kuka. Ya dafa kan ango, ya dafa nata.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku gidan da ba mai korar ku."