Tudu Na Huɗu a Bakin Teku

"Tun daga tashar Victoria ba ka ce mini komai ba, Maharazu. Mene ne?"

"Iska ce ta yi yawa, Shafa'atu. Mu ƙarasa saman tudun tukuna."

"Ba inda zan ƙarasa! Faɗa mini a nan."

Ya tsaya, ya sauke jakarsa a kan ciyawa. Muna kan tudu na huɗu cikin fararen tuddai bakwai da ke gabas da Seaford, teku na dukan gindinsu can ƙasa. Shekara biyu ke nan, kusan duk Asabar ɗin da ba ni da aiki a asibiti, sai mu hau jirgin ƙasa mu bar hayaƙin Landan. Shi ɗalibin safiyo ne, taswira ba ta barin aljihunsa. Ni kuwa nas ce, kafin in san shi ban taɓa hawa abin da ya fi matakalar gidanmu na Plumstead ba. Shi ya saya mini takalmin hawan dutse, ranar farko har da dariyar yadda na ɗaure zanena a kansa.

Ya miƙo mini wasiƙa mai launin shuɗi. Rubutun ƙanwarsa Karimatu ne, daga Malumfashi. Mahaifinsu ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙanne bakwai, shi ne babba.

"Na yi booking ɗin jirgin komawa gida," ya ce a hankali. "Ranar Laraba. An ba ni aiki cikin masu auna filin sabon babban birnin ƙasarmu. Zan riƙa leƙa gida duk wata."

"Laraba... wannan Larabar?"

"Ki biyo ni, masoyiyata. A ɗaura mana aure a gida. Ƙasa ta samu arzikin mai, asibitoci ake ta ginawa, nas irinki rububinta za a yi."

"Inna fa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ya san amsar. Ƙodar mahaifiyata ta daina aiki shekara guda bayan rasuwar Baba, wanda aikinsa na ofishin jakadanci ya kawo mu nan. Sau uku a mako ake ɗaura mata injin wankin jini. Na rubuta wasiƙu Kaduna, na rubuta Legas, duk amsa ɗaya: babu injin. In ta koma gida, sati biyu ba za ta yi ba. Kuma ni kaɗai ta haifa.

"To zan jira ki," ya ce. "Wallahi zan jira, ko shekara nawa ne!"

"Ka jira me?"

"In jira har... har..."

"Faɗi mana! Har Inna ta mutu?"

"Subhanallahi, Shafa'atu, ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Amma ba wata ranar da za ka jira sai ita." Hawaye suka ɓalle mini, iska na kwashe su zuwa kunnena. "In na ce ka jira, duk safiyar da na shiga ɗakinta na tarar tana numfashi, wani sashe na zuciyata zai ce yau ma ba a tafi ba. Ba zan iya zama wannan 'yar ba, Maharazu. Gara in rasa ka."

Ya durƙusa a kan ciyawar, ya rufe fuskarsa da hula. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Wasu tsofaffin Turawa biyu da karensu suka zo wucewa, suka kau da kai.

"Ni ma in na zauna, da wane ido zan kalli Babana?" ya ce.

"Shi ya sa nake sonka. Tashi mu ƙarasa."

Muka hau sauran tuddai ukun. A gangaren ƙarshe ƙafata ta zame, ya kama hannuna, bai sake shi ba har tashar bas. A jirgin dawowa ya zuba mini shayi daga fulas, ya huce a hannuna ban kurɓa ba. A Victoria muka rabu. Na roƙe shi kada ya rubuto, ya ce ba zai iya yin wannan alkawarin ba.

Na tarar da Inna a kan darduma, ta idar da la'asar, hannunta duk tabon allura. Ta dube ni sau ɗaya.

"Yaron nan tafiya zai yi ko?"

"Laraba, Inna."

"Ya ce ki bi shi?"

Na tsuguna ina kwance igiyar takalmina don kada ta ga fuskata.

"Ni na tsare ki, Shafa'atu," ta ce. "Ki tafi. Ni na ci zamanina."

"Haba Inna! Dama ba wani sonsa nake yi sosai ba. Abokin yawo ne kawai."

Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta.

"Ni na haife ki fa," ta ce. "Yi kukanki, ba mai jin mu."