Ƙullin Bakin Zane

Akwai son da ke tsoron idon jama'a, kuma mai irinsa bai cancanci a kira shi masoyi ba. Ku ji abin da ya jawo wa Magaji, don ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Rahama ɗiyar masunta ce a Wara. Tun da farfaɗiya ta fara kayar da ita aka raba ta da wuta, aka raba ta da ruwa. Mahaifinta kaɗai kan shiga da ita kwalekwale, ya ƙulla bakin zanenta a kugunsa. Da ya rasu, ƙullin ya kwance.

Sai ta koma ɗinkin taru a gindin giginya, tana shan maganin asibiti safe da yamma. Da la'asar, in rana ta narke a kan tafki, takan lumshe ido ta ga kanta can tsakiya, iska na kaɗa mayafinta...

A nan Magaji mai jirgin inji yake samunta.

"Hasken idona, ranar aurenmu a jirgina zan tsallaka da ke!"

"Ka dai san lalurata, Magaji..."

"Mi ne ne lalura? Ko dutse ne sai mun raba shi biyu!"

Baki dai ba ya gajiya da alkawari.

Ranar kasuwa ta kai masa fura bakin ruwa. Tana miƙa masa ƙwaryar ta ji muryoyi suna nisa, ƙasa na juyawa.

"Magaji... riƙe ni..."

Ta faɗi. Mutane suka dare, wata na ihu, "Kar yawunta ya taɓa ku!" Rashin sani ya fi dare duhu, ciwon da ba a ɗauka! Magaji ya dubi abokansa, ya ja da baya.

Isa masassaƙin jirgi ne ya yar da gizagonsa. Ya tura rigarsa ƙarƙashin kanta, ya kwantar da ita a gefe, ya share mata baki da tafinsa.

Da ta fara farfaɗowa, abin da kunnenta ya fara kamawa shi ne muryar wani yana tambaya, "Magaji, ba budurwarka ba ce?"

"Wa? Ni? Taru kawai take ɗinka mini."

Rahama ta kulle kanta a ɗaka, ta yi kuka har ido ya ƙafe. Ranar nan Innarta ta yaye labule.

"Tashi, ɗiyata! Ciwo baƙo ne da ya ƙi tafiya. Ki ba shi tabarma, amma kar ki bar mishi ɗakin duka."

"Inna, kowa ya gan ni..."

"Sun gan ki kin faɗi. To fita su gan ki kin tashi."

Ta fita. Ta koma gindin giginyarta, har dariyarta ta dawo. Isa ya fara zuwa da taru mai ƙaramar ɓaraka.

"Malam Isa, kai wane kifi ke yaga maka taru? Ka taɓa jefa shi a ruwa kuwa?"

Ya sosa ƙeya. "Wuƙata ce, ranki ya daɗe..."

Da labarin baikonsu ya bazu, sai ga Magaji a ƙofar gidansu.

"Rahama, ki yafe mini! Sharrin shaiɗan ne..."

"Na yafe. Amma wanda ya saki hannuna a tudu, ba zan ba shi a ruwa ba."

Ranar kai amarya, gidan Isa na tsallake. Rahama ta tsaya bakin jirgin da ya sassaƙa mata, sanye da rigar ruwa mai hana nitsewa.

"In na faɗi a tsakiya fa?"

"Miƙo bakin zanenki, abar ƙaunata."

Ya ƙulla shi a kugunsa. Hawaye ya zubo mata. Wa ya faɗa masa? Ta waiwaya, ta ga Inna ta kau da kai tana murmushi.

Jirgi ya ratsa ruwa, iska na kaɗa mayafinta.

Magaji kuwa na tsaye a gaɓa. Ya rasa Rahama. Ya rasa gaisuwar Inna. Ya rasa mutunci a idon mutanen nan da ya ji wa tsoro, don har yau matan Wara in ɗiyarsu ta kawo saurayi sai su ce, "Allah ya sa ba mai ja da baya ba ne."